Muryar Dije

A unguwarsu Maccido, can cikin lungunan Ƙofar Taramniya, babu wanda bai san muryar Dije ba. Dije kuwa ba mace ba ce, bindigar toka ce, doguwa, baƙa wuluk, wadda marigayi mahaifinsu ya sa wa sunan yayarsa, don wai ita ma, Allah ya jiƙanta, in ta buɗe baki ba mai ƙara magana a bayanta. Gidansu gidan 'yan bindiga ne tun kaka da kakanni. Ba mafarauta ba ne, ko zomo ba su taɓa kashewa ba. Aikinsu shi ne in an ɗaura aure, ko an yi saukar karatu, ko alhazai sun dawo, su jeru a ƙofar gida su ɗaga bakin bindiga sama su saki wuta, albarushi da tsumma kawai, don na nesa ya san ana farin ciki.

Da tsohon ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba. Gida ne, da 'yar fadamar shinkafa a hanyar Wamakko, sai Dije. Gidan aka ja katanga a tsakiya, kowa ya riƙe sashensa. Sauran biyun aka ce Maccido ya zaɓa, da yake shi ne babba. Ya zaɓi fadama, kamar yadda duk mai hankali zai yi, ƙanensa Jelani ya ɗauki bindiga ya ce ya gode. Gara a faɗi wannan tun yanzu, domin in ka saurari Maccido yau sai ka rantse ƙwace masa ita aka yi da ƙarfin tsiya. Babu wanda ya cuce shi. Da bakinsa ya zaɓa, fadamar kuma ta ci da shi ta ci da iyalinsa. Abin da bai lissafa ba a ranar shi ne, duk yawan shinkafar da mutum ya casa, mata ba sa yi masa guɗa.

Jelani direba ne a wani ofis a Arkilla, mutum mai sanyin hali, wanda ko gardamar ƙwallo ba ya yi. Da ma mai fankama ne da abin ya zo wa Maccido da sauƙi, da ya sami abin zagi. Amma ina. Sai ya fito da Dije a kafaɗa kamar wanda aka aika sayen itace, ya ɗaga ta, ya ja kunama. Ƙasa ta amsa, tantabarun unguwa su tashi gaba ɗaya, motocin baƙi su ɗauki kuka, mata su ɓarke da guɗa daga cikin gida, maroƙi ya yi ta kiran sunan Jelani har muryarsa ta dushe. Shi kuwa gogan sai ya sauke ta ya tsaya yana kallon ƙasa. A gefensa, kafaɗa da kafaɗa, wansa yana tsaye zuciyarsa na tafasa.

Maccido dai bai zauna ba. Tunda ba zai iya barin layin 'yan bindiga, gadon gidan ubansa, ba, sai ya shiga neman bindigar da za ta yi magana a gaban Dije, ya kuwa faɗa hannun maƙeran zamani, waɗanda yau suna ƙera ƙofar shago gobe suna ƙera bindiga, duk da ƙarfe ɗaya.

Ta farko wani ne ya haɗa masa ita a gefen kasuwa, ya yi ta rantsuwa cewa ko jikokinsa za su gāje ta. Ranar da aka fara fita da ita, a wata walimar sauka, maimakon wutar ta bi gaba sai ta biyo baya. Girarsa ta dama ta tafi, gemun ya toye rabi, ya yi wata guda yana yawo da rawani kamar sabon hakimi. Ta biyu ita ce mai nawa. Ka ja kunama ta yi shiru, ka jira ta yi shiru, sai ka fid da rai ka sauke ta sannan ta tuna aikinta. Haka ta yi masa a auren ɗan wani mai shayi, ta jefa tsumma mai wuta kan rumfar haya, aka bar cin shinkafa aka koma ɗibar ruwa. Ta uku ba ta cutar da kowa, Allah ya sani. Sai dai ƙararta ba ta wuce tarin tunkiya ba, kuma sau biyu cikin uku ko tarin ba ta yi.

To 'yan bindiga suna da wata al'ada da suke kira rufin asiri. In ta wani ta ƙi tashi a layi, na kusa da shi zai matso ya harba tasa nan take, hayaƙi ya lulluɓe su duka biyu, 'yan kallo ba za su san tasa wa ta yi ba, tasa wa ta ƙi. Al'ada ce mai kyau, ta mutanen da suka san kunya. Jelani ya yi wa wansa wannan rufin ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba ko a gida. Sai dai Dije ba ta iya rufa asiri ba. In ta yi magana kowa ya san ita ce, don haka duk ranar da aka ji ta sau biyu a jere, an san ta Maccido ta sake ƙi. Shi kuwa da a ce kyauta ce da ya mayar. Ya fi jin zafin rufin fiye da ƙin tashin, ya kan koma gida ya ƙi cin tuwo, ya yi ta faɗa wa matarsa Atika cewa ba hannu ba ne, bindiga ce, a ba shi Dije rana ɗaya a gani. Atika ta ji wannan magana har ta haddace, in ya fara sai ta ƙarasa masa tana tankaɗe.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin waya ce. A wata tarbar alhazai wani ya ɗauki Maccido a bidiyo, ya ƙame, ya rufe ido ɗaya, ya ja kunama, ƙyas, ya sake ja, ƙyas, ya leƙa gefen bindigar yana girgiza ta kamar mai neman canji a asusu. Kafin la'asar bidiyon ya zaga unguwa, kafin sati ya kai Arkilla, an ma ɗora masa kiɗa. Sarkin Bindiga, Malam Abdullahi, tsoho ne da ya yi layi da mahaifinsu, ya kira Maccido zaurensa ya yi masa magana a hankali. Ya ce ba korarsa ya yi ba, amma daga yau ya riƙa riƙe musu goran albarushi a bayan layi, har ranar da ya ji ƙarar bindigarsa da kunnensa ya yarda da ita. Riƙon gora aikin wanda ƙarfinsa ya ƙare ne. Maccido yana da shekara arba'in da bakwai, ya fito zauren nan idonsa jawur, kuma ko kaɗan bai ga laifin maƙera ba, bai ga na mai waya ba. Jelani kawai yake gani.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Wasila, 'yarsa ta fari, da wani ma'aikacin asibiti ɗan mutanen Arkilla. Tsakiyar damina aka sa, Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe. Yadda aka saba, uba ba ya ba da auren 'yarsa da kansa in yana da ɗan'uwa, balle 'yar fari, wadda ko sunanta Maccido bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Ranar ɗaurin aure irin wannan uba ɓuya yake yi, ya shige ɗaki ya bar wa ƙane komai. Jelani ne waliyyi, shi zai zauna gaban malamai da babbar riga, shi zai ce ya bayar. Sauran 'yan bindiga kuma an yi shawara ba za su jeru ba, saboda lungun ya yi ƙunci ga motocin baƙi, ga kuma halin da ake ciki, mutane ba sa son yawan harbi. Mai unguwa ya ce harbi ɗaya ya isa, za a sanar tun da wuri don kada wani ya firgita, Jelani ya yi shi bayan an shafa Fatiha.

Nan Maccido ya ga ƙofa. Tsakanin shafa Fatiha da lokacin da Jelani zai gama gaisawa da jama'a ya ɗauko Dije, akwai ɗan lokaci da unguwa duka za ta kasa kunne tana jira. In a wannan shirun aka ji wata sabuwar murya, wadda ba a taɓa ji ba, ta tsaga gari daga bayan gida fa? Ba sai ya fito ba, ba sai ya ce uffan ba. Sarkin Bindiga ya san muryar kowace bindiga a ƙasar nan, zai bi sawu da kansa har ya gano mai ita, a yi 'yar dariyar rashin kunya kwana biyu a wuce, shi kuwa ya koma layi. Abin da ya fi masa daɗi ma, harbin farko na auren 'yarsa ba zai zama na Jelani ba.

Ya sami labarin wani maƙeri a wani ƙauye gaba da fadamarsa, wanda aka ce hannunsa daban ne. Ya yi ta zarya a kan babur sati uku. Maƙerin mutum ne mai zaƙin baki, ya zagi duk maƙeran birni ɗaya bayan ɗaya, abin da ya sa Maccido ya yarda da shi nan take. Ranar karɓa suka shiga bayan gari aka gwada ta sau ɗaya, ta kuwa yi ƙara har shanun wani Bafillace suka watse. Maccido ya rungume ta kamar jaririya. Ya naɗe ta a tabarma ya shigo da ita gida, ya tura ƙarƙashin gado, bai sake gwada ta ba, wai kada unguwa ta ji muryarta kafin ranar.

Atika ta gano, don ba abin da ke shiga ƙarƙashin gadon nan ba ta sani ba. Ta same shi da hantsi yana shafa wa ƙotar man gyaɗa, ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, ɗiyar hwari ta hwa. Ko sunanta ba ka kamawa, shi na za ka tashi ka yi mata harbi gaban surukai?"

"Wa yac ce miki ni ka harbi?"

"Girarka ta hwaɗa min, wagga da ba ta gama tsirowa ba."

Ta ƙara da cewa in ma ya ƙi ji, ya fitar da abar ya gwada ta a fadama, ba a fafe gora ranar tafiya, ga ruwa ana yi kullum, ɗakin duk ya yi sanyi. Ya ce mata ta je ta ji da tukunyarta, maganar bindiga ba ta mata ba ce. Ta ce haka ne, ta rumfar mai shayi ma ba ta mata ba ce, amma su suka ɗebo ruwan.

Ranar Asabar gari ya waye da yayyafi, zuwa hantsi ya ɗauke. Gida ya cika maƙil, tukwane a kan wuta tun asuba, 'yan'uwa daga Wamakko sun shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Maccido yana ɗakinsa ya ja labule, sai ga Jelani ya shigo cikin farar shadda, hula zanna a kai, Dije a hannu. Ya ce sashensa ya cika da baƙi, yara na shiga suna fita, hankalinsa bai kwanta ya bar ta can ba.

"Yaya, aje min ita wurinka. Na ɗura ta tun da sahe. In anka shahwa Hwatiha in shigo in ɗauka, in yi ma ɗiyata guda."

Ɗiyata. Maganar daidai take, a al'ada yau Wasila tasa ce, amma sai da ta soki Maccido har ƙahon zuci. Ya ce ya jingina ta can. Jelani ya jingina ta a bango ya fita, ya bar ƙamshin turare a ɗakin. Shekara goma sha tara rabon da a bar Maccido shi kaɗai da bindigar ubansa. Ya yi ta kallonta ta gefen ido kamar yadda mai azumi ke kallon randa, bai taɓa ta ba.

A bayan gidan akwai wani kango, tsohon ɗakin kakarsu da rufinsa ya faɗi, bango huɗu ne kawai a tsaye, nan Maccido ke ɗaure awaki. Wata 'yar ƙofa ce ta sada shi da sashensa. Da ya ji lasifika ta fara kiran waliyyin amarya da wakilin ango, sai ya zaro sabuwar bindigarsa daga tabarma, ya ɗura ta a gurguje, ya kore awakin zuwa tsakar gida. Har ya fita ya dawo ya ɗauki Dije ma. Ya ce wa ransa saboda yara ne, kada wani ya shigo ɗakin ba kowa. Mu dai ba mu ce komai ba.

Daga kangon yana jin komai. Ya ji muryar Jelani a lasifika, a hankali, yana cewa ya bayar. Ya ji liman ya ja addu'a, ya ji amin ta tashi kamar ruwa a kan kwano, ya ji an ce Fatiha. Sai maroƙi ya sanar da jama'a cewa za a ji harbi ɗaya, na farin ciki ne, kada kowa ya tsorata. Unguwa ta yi tsit.

Maccido ya yi bisimilla, ya ɗaga sabuwar, ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya gyara, ya sake ja. Ƙyas. Ya buga ƙotar da tafin hannu, ya roƙe ta, wallahi roƙonta ya yi, a hankali, kamar mai lallashin jaki a tsakiyar gada. A ja na uku kunamar ta ɓalle gaba ɗaya ta faɗa cikin kashin awaki, ya tsaya riƙe da guntun ƙarfe da itace. Ko sanyin ɗaki ne, ko aikin maƙerin ne da ma na harbi ɗaya, bai sani ba, har yau kuma ba wanda ya sani. Daga waje ya fara jin 'yan maganganu, ana tambayar ina Jelani ya shiga, wani ya ce ga shi can ya shige gida ɗauko ta.

Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Ya jefar da tarkacen, ya miƙa hannu ya ɗauki Dije. Nauyinta ya zauna masa a kafaɗa daram, ƙotar ta yi sulɓi inda hannun ubansu ya cinye ta. Ya ɗaga ta sama ya ja.

Abin da ya fito daga kangon nan ba a taɓa jin irinsa a Ƙofar Taramniya ba. Wataƙila bangon nan huɗu ne suka tattara ƙarar suka cilla ta sama, wataƙila kuma hannun ne, Allah masani. Ƙasa ta zubo daga katanga, kwanukan gidan suka yi ƙara, wata tsohuwa ta saki tiren goro. Kafaɗarsa ta yi kamar an doke ta da taɓarya, kunnuwansa suka toshe, hayaƙi ya cika kangon har ba ya ganin hannunsa. A cikin hayaƙin nan Maccido dariya yake yi shi kaɗai, hawaye na zuba. Ashe gaskiyarsa ce. Ashe duk shekarun nan gaskiyarsa ce, ba hannu ba ne. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da aka ce masa an haifi yarinyar nan.

Da kunnuwansa suka buɗe, abin da ya fara shiga cikinsu guɗa ce, ta mata wajen hamsin a lokaci ɗaya. Bayanta sai muryar maroƙi a lasifika, yana kiran Jelani, Jelani na Dije, Jelani baban amarya, wanda ya bayar kuma ya harba. Jama'a suka ɗauka. Har yara a kan katanga sunan da suke kira ke nan.

Dariyar ta yanke. Ya juya, sai ga Jelani tsaye a 'yar ƙofar, cikin farar shaddarsa, ya biyo sawu daga ɗakin da bai sami bindigarsa ba. Ya dubi wansa, ya dubi Dije na hayaƙi, ya dubi tarkacen da ke ƙasa. Daga zaure ana ta kiransa ya fito a gan shi. Maccido ya miƙa masa ita, don ba abin da ya rage ya yi. Uban amarya ba zai fita gaban surukai da bindiga a hannu ba, bindigar ma ta ƙanensa, wadda aka ba shi ajiya. Jelani ya karɓa ya fita, jama'a suka yi caa a kansa.

Maccido ya koma ɗaki ya ja labule. Labarin ya riƙa iske shi a nan guntu-guntu, duk wadda ta wuce ƙofar sai ta yar da nata. Atika ce ta kawo masa mafi nauyi tare da kwanon abinci. Ta ce Sarkin Bindiga ya kama hannun Jelani a gaban kowa, ya ce tun rasuwar ubansu bai ji Dije ta yi magana irin ta yau ba, yau hannun marigayi ya dawo. Ta faɗi haka tana kallon hannun mijinta na dama, wanda toka ta yi wa baƙi har wuyan hannu. Ta ajiye kwanon ta fita. Da ta yi masa gori ma da ya fi.

Ya zauna yana juya abin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya yi tunanin aika wa Sarkin Bindiga gaskiyar maganar a ɓoye, ya ga tsohon zai tambaye shi ina tasa bindigar, tunda ita aka ce a ji. Ya yi tunanin Jelani zai faɗa da kansa, sai ya ji wannan ya fi komai ɗaci, a ce harbin nasa ma sai ƙanensa ya ba shi kyauta. Ya wanke hannun da sabulu sau biyu, baƙin ya shige cikin tsagar fata ya ƙi fita. Abincin ya huce a inda aka ajiye shi.

Bayan la'asar motocin ɗaukar amarya suka iso. Kafin a fita da ita aka kawo ta ɗakin ubanta sallama, kamar yadda ake yi. Jelani ya shigo ya zauna gefen wansa a kan tabarma, don nasiha tasu ce su biyu. Wasila ta durƙusa a gabansu lulluɓe da mayafi, tana kuka ƙasa-ƙasa, gwaggwanninta a bayanta, da wasu dattijai mata uku daga dangin ango sun cika bakin ƙofa. Maccido ya yi mata abin da ya sawwaƙa, haƙuri da biyayya da riƙon salla, bai kama sunanta ba, bai kuma ɗaga ido ba. Jelani ya ɗora nasa a taƙaice.

Aka ce amarya ta nemi gafara. Ta nema. Sai kuma ta juya wajen Jelani, abin da ba wanda ya sa ta, ta yi magana daga cikin mayafin.

"Baffa, na ji harbin da kay yi min. Ina cikin ɗaki nij ji shi har cikin ƙirjina. Ko na tsuhwa ba ni mance shi."

Jelani ya motsa a kan tabarmar. Ya dubi wansa, ya buɗe baki.

"Ɗiyata, ai harbin ga ba..."

"Jelani," in ji Maccido.

Sunan kawai ya kira, amma ƙanen ya gane, ya haɗiye sauran maganar. Matan dangin ango na tsaye suna sauraro, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zai riga amarya isa Arkilla. Can za a zauna da ita, can za a riƙa ce mata 'yar mutumin da ya rasa kunyar 'yar fari, ya laɓe a kangon awaki ya harba bindigar ajiya. Maccido ya ga wannan sarai, ya kuma ga ɗaya gefen sarai, cewa in ya bar maganar ta wuce yanzu ta wuce ke nan har abada.

Babbar cikin matan, wata dattijuwa mai carbi a hannu, ta ce kai, ita dai ba ta taɓa ganin ƙane irin wannan ba, ya ba da aure ya kuma tashi gari, Allah ya ba kowa irinsa. Ta dubi Maccido ta ce ai shi ma ya kamata ya gode masa, a gaban yarinyar, don ta koyi zumunci.

Matan suka zuba masa ido. Maccido ya ja hannunsa na dama a hankali ya cusa shi cikin aljihun riga. Ya juya wajen ƙanensa.

"Na gode, Jelani," ya ce. "Harbi ya yi kyau."

Jelani ya sunkuyar da kai. Matan suka ce madalla, suka ɗaga amarya suka fita da ita.